Farin Takalmin Mika'ilu

Duk wanda ya taɓa kwana a Rijiyar Gawo ya san Mika'ilu. Ko bai riƙe sunansa ba, ya san ƙarar ƙafarsa. Ana idar da sallar asuba, tun mai koko ba ta sauke tukunya ba, za ka ji shi ya bi ta bayan katanga, fat fat fat, ya miƙe hanyar Dawakin Tofa. Ni sunana Iliyasu, ina da ɗan kemis a bakin hanyar, kuma benci ɗaya muka zauna da shi a firamare. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Tun yanzu kuma in gaya muku, har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Mika'ilu dogo ne, siriri, ba nama a jikinsa sai jijiya. Ƙafarsa ce abin kallo. Faffaɗa ce, yatsun a baje kamar citta, tafin ya yi kauri har ƙaya takan karye a ciki bai sani ba. Tun muna yara bai iya tafiya irin ta mutane ba. A aike shi sayen gishiri sai ya zura a guje, ya dawo a guje, gishirin ya zube rabi a hanya, a dake shi, gobe ya sake. Malaminmu na wasanni ya taɓa cewa da a wata ƙasa aka haifi yaron nan, da ƙafarsa ta ciyar da shi. To a Rijiyar Gawo aka haife shi. Mahaifinsu ya rasu muna aji shida, aka miƙa masa fartanya, maganar makaranta ta ƙare.

Kun san yadda ƙasarmu take, gida a jikin gida, gona a jikin gona, ba inda za ka tsaya ba ka hango rufin wani ba. Abin da uban ya bari bai isa a raba ba, sai suka ci gaba da nomansa tare. Wansa Uwaisu shi ne babba, shi ke buɗe rumbu, shi ke cewa a yi ko a bari. Mahaifiyarsu Inna Barira tana nan da ranta, ita kuwa ko Uwaisu ba ya tsallake maganarta. Mika'ilu ya yi aure, ya haihu, amma a gidan nan har yanzu ƙaramin yaro ne.

Ba sunan da garin nan bai laƙa masa ba. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi. Wasu suka ce ƙato mai iyali ya rasa abin yi sai tsere da inuwarsa. Amma bari akuyar wani ta tsinke, ko naƙuda ta kama matar wani ana neman ungozoma a ƙauyen gaba, ko a yi rasuwa ana son sanar da dangi, nan take kowa zai tuna da shi. Da wayar hannu ta zo aka ɗan sarara masa. Sai shekarar da man fetur ya tashi, kuɗin acaba ya gagari talaka, sai ga su sun dawo ba kunya. Waɗanda suke zaune a dakali suna yi masa dariya da safe, su ne da hantsi suke cusa masa saƙo zuwa Rimin Gado. Ko ruwan sha ba mai ba shi. Sai dai a ce Allah ya yi albarka, wani ma sai ya ga dama yake faɗa.

Shekarar ce kwanon masara ya zama abin da ake hange daga nesa. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, mata na dafa rama da tafasa suna lallashin yara da su. A kemis ɗina magidanci zai zo ya sunkuyar da kai ya ce in ɓalle masa ƙwaya biyu daga cikin kati, sauran sai Allah ya hore. Ana gama girbi samari suka watse ci-rani. Uwaisu ya daɗe yana son Mika'ilu ya bi su. Yakan ce mai gudu cinsa ya fi na mutum biyu, kuma a shekarar da ake auna gari da gwangwani, ba a ciyar da wanda zai je ya zubar da abincin a kan hanya.

Ana cikin haka na ci karo da wata sanarwa a wayata. Wata ƙungiya ta shirya gudun fanfalaki a Jos, kilomita arba'in da biyu. Waɗanda suka zo a sahun gaba za a ɗauke su zuwa sansani, a haɗa su da mai horarwa, a riƙa ciyar da su, a riƙa fita da su gasa. Na kira Mika'ilu na karanta masa. Ya daɗe yana kallon wayar duk da karatun ya guje masa tuni, sannan ya ce, "Wato akwai inda ake ciyar da mutum don ya yi gudu?"

Da ƙyar Uwaisu ya yarda, shi ma da sharaɗi. A gaban Inna Barira ya gindaya shi. Wannan rani ɗaya ya bar wa Mika'ilu. Idan an ɗauke shi sansanin, shi ke nan, gida ya huta da baki ɗaya. Idan ba a ɗauke shi ba, zai ɗaure kayansa ya bi 'yan garinmu Fatakwal tura baro, kuma shi da gudu har abada, ko a can ko a nan. Mika'ilu ya ce, "Na yarda, Yaya." Duk wanda ya san shi ya san idan ya faɗi haka a gaban mahaifiyarsa, to an gama.

Rajistar ma sai da ta ci mana rai. A garinmu waya ba ta kama sabis sosai sai a gindin babban gawon da ke bayan firamare, nan muka riƙa zarya ni da shi. Ka cike sama ka zo ƙasa abu ya goge, ka sake daga farko. Suka tambayi ranar haihuwarsa, muka lissafa daga shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Suka tambayi lokacin da ya fi sauri a gudu, shi kuwa ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Ya ce in rubuta cewa yakan je Rimin Gado ya dawo kafin a tashi 'yan makarantar allo. Na ce masa ba gurbin wannan. Kuɗin rajista matarsa Luba ce ta sayar da ɗan akuyarta ta bayar, ba tare da an roƙe ta ba. Ita kaɗai ce a gidan ban ji haushinta ba a duk wannan labari.

A jikin sanarwar an yi gargaɗi cewa hanyar hawa da gangara ce, kowa ya shirya wa tudu. To mu ina muka ga tudu? Ƙasarmu shimfiɗe take, abin da ya fi komai tsayi shi ne tarin kara. Mika'ilu ya zaga gari ya zaga, bai sami abin hawa ba, sai ya koma ga abin sauka. Akwai wani tsohon kududdufi a yammacin gari, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, muka zo muka ɗora. Ya yi zurfi ƙwarai, gefensa ɗaya a tsaye yake. Ya ce wanda ya fito daga rami ai tudu ya hau.

Sai dai ku san mene ne kududdufin nan. Shi ne jujin gari, shi ne masan yara, shi ne maƙabartar dabbobi. Duk kazar da ta mutu can ake wurga ta. A shekarar har da mushen jaki a ciki, ungulaye sun gaji sun bar saura. Ruwan da ya rage a ƙasa ya zama kore, leda da tsumman jarirai suna yawo a kai, ƙuda kuwa ko magana ka yi sai sun shiga bakinka. Mutanen da suka mayar da wurin haka su ne suke toshe hanci idan sun wuce, kamar wasu baƙi ne suka zo suka zuba. A nan Mika'ilu ya share wata 'yar hanya da fartanya, daga ƙasa zuwa baki. Kullum da safe, bayan ya dawo daga doguwar hanya, sai ya shiga. Ya hau a guje, ya sauko, ya hau, ya sauko, har rana ta ɗaga. Daga baya ya ƙara da ɗaura buhun yashi a baya. Yana fitowa sai kemis ɗina, in wanke masa inda kwalba ta yanke shi ina kau da kai, don warin da ke tashi daga jikinsa ba ya faɗuwa. Amma na ga abin da ramin ya yi masa. Cinyoyinsa suka ɗaure, numfashinsa ya daina fita da ƙara.

Takalmin da yake wannan aiki da shi na roba ne, irin na makiyaya. Ya tsage ya fi a ƙirga, yana liƙe shi da wuƙa mai zafi. Muni kam ba a magana. Amma ya san ƙafar, ƙafar ta san shi, bai taɓa cizonsa ba.

Labari ya kai kunnen Alhaji Dabo, dillalin takin zamani, wanda a lokacin yake ta shafa kan jama'a saboda yana hangen kujerar kansila. Mutumin da bai taɓa amsa sallamar Mika'ilu da baki cike ba, sai ga shi yana cewa ɗanmu ne, abin alfaharinmu ne. Ya shiga Kano ya dawo da kwali. Bai auna ƙafar ba, bai tambayi lamba ba, ya dai kwatanta wa mai kanti tsayin mutum da hannu. Aka tara jama'a a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa darduma, aka buɗe kwali. Takalmi ne na gudu na gaske, fari fat, da safa sabuwa a ciki. Ban ƙi gaskiya ba, kaya ne mai kyau. Mika'ilu ya wanke ƙafa ya zura, ya miƙe tsaye a kan darduma, aka ɗauki hoto. Na ga ya ɗan yamutsa fuska. Alhaji ya tambaye shi yaya, ya ce ya ɗan kama shi a yatsu. Jama'a suka amsa baki ɗaya cewa sabo ne, zai saki. Alhaji ya ce shi da kansa zai kai mu Jos a motarsa, kuma yana son ranar a ga takalmin nan yana ƙyalli yadda ya fito daga kwali.

Daga kan dardumar nan takalmi bai sake taɓa ƙasa ba. Inna Barira ta karɓe shi, ta naɗe a zane, ta sa a ƙasan akwatinta tare da kafur, inda take ajiye kayan Sallar jikoki. Ta ce sabon abu ranarsa ake jira.

Da na ji, na rufe kemis na tafi gidan. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata takalmin gudu ba kayan ado ba ne, dole ya riƙa sa shi tun yanzu har ƙafa ta saba. Ba wani ilimi na kawo musu ba. Kowa a garin nan ya san sabon takalmi yana cizo. Kowace Sallah, kafin la'asar, layi ake yi a kemis ɗina ana sayen filasta, yara na ɗingishi da takalmi a hannu, iyaye na dariya. Shekara ta zagayo a sake sayo sabo, a sake ɓoyewa, a sake ɗingishi. Na tuna mata da wannan. Na ce yaro daga gida zuwa filin idi kawai yake zuwa ya dawo da ƙafa a saɓule, shi kuwa Mika'ilu tafiyar yini zai yi a guje.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Iliyasu, so kake in ɗauki farin abu irin wannan in ba shi ya shiga ramin kashi da shi? Idan Alhaji ya gani mu ce masa me?"

Na ce to ya riƙa sa shi a kan hanya kawai, ban da ramin. Uwaisu, da yake zaune a gefe yana gyaran igiya, ya ce hanya ma ai cin takalmi take yi, so nake a cinye shi kafin ranar. Ya ƙara da cewa kowa ya tsaya a sana'arsa. Mika'ilu yana tsugune a bakin ƙofa yana jinmu. Na koma wurin Alhaji Dabo, ya yi dariya ya ce takalmi mai tsada ba ya cizo, na 'yan gwanjo ne yake yi. Daga baya Mika'ilu ya roƙi mahaifiyarsa sau ɗaya, a keɓe, ta ce masa a'a, bai sake tayar da maganar ba. Abin da kawai na iya shi ne na ce masa ya sa tsohon takalminsa a jaka. Ya ce ya sa.

Mun isa Jos ana gobe gasa, muka sauka a gidan wani abokin cinikin Alhaji. Da asuba, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi, Mika'ilu ya zazzage jakarsa yana neman takalmin roba. Babu. Sai ƙullin ƙuli-ƙuli da 'yar kwalbar rubutu a inda ya sa shi. Daga baya muka ji yadda aka yi. Inna Barira ce ta buɗe jakar don ta sa masa guzuri, wari ya buge ta, ta ɗauke takalmin da tsinke biyu ta bayar aka jefa a kududdufi. Ta ce ba za a je garin mutane a ce daga gidanta wannan ƙazanta ta fito ba.

Wurin tashi cike yake da mutane, kowa da lamba a ƙirji. Na lura da ƙafafunsu. Waɗanda ka gani ka san gwanaye ne, duk takalmansu sun sha jiki, sun yi dauɗa, wasu har da ɗinki. Mika'ilu ne kaɗai ƙafarsa ke ɗaukar ido. Alhaji ya dafa kafaɗarsa aka yi hoto, ya sa aka sake saboda takalmin bai fito sosai ba. Aka busa, suka tashi.

Ni da Alhaji muka zagaya ta wata hanya muka tsaya wajen tsakiyar tafiyar, a kan wani dogon hawa inda ake miƙa musu ruwa. Muna nan sai ga na farko-farko sun ɓullo daga ƙasa, 'yan tsiraru, sun bar taron a baya. Na ƙura ido. Wallahi Mika'ilu yana cikinsu. Yana hawan tudun nan kamar an sa masa hannu a baya, yana wuce mutanen da aka haifa a kan dutse. Ramin ya yi aikinsa. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na fara ihu ina kiran sunansa.

Da ya matso ne na ga yadda yake taka ƙasa. Ba takunsa ba ne. Yana jefa ƙafar a gefe, yana cije leɓe. Na dubi takalmin, farin ya tafi, gaban ya rine ja, ta baya ma jini ya jiƙa safa. Na bi shi a guje ta gefen hanya ina cewa, "Cire shi. Mika'ilu, cire shi ka jefar, ƙafarka ta fi shi ƙarfi." Da ya cire a nan, na tabbata tafin nan nasa zai kai shi, don a lokacin yatsu da dunduniya ne kawai suka fashe. Ya ji ni sarai. Ya rage gudu, har ya fara sunkuyawa. Sai ya ɗaga kai ya ga Alhaji tsaye a bayana, babbar riga tana kaɗawa, ya ɗaga waya yana ɗauka yana murmushi. Mika'ilu ya dube shi, ya dubi takalmin, ya miƙe ya ci gaba. A garinmu ba a tuɓe kyautar babba a gabansa.

Abin da ya biyo baya shi ya ba ni labari. Bayan hawan akwai gangara mai tsawo, kowane taku yatsunsa suna dukan gaban takalmin. Ya daure har ya sha kwana, ya tabbata Alhaji ba ya hangensa, ya ƙara daurewa ko akwai wani ɗan garinmu a hanya. Lokacin da ya zauna ya cire, fata ta riga ta bi safa, har tafin ma ya tashi saboda ya jiƙe da gumi da jini. Ya gwada gudu ba takalmi, kwalta ta ƙi yarda da ɗanyen nama. Jefar da takalmin kuma bai iya ba, kayan mutane ne. Sai ya ƙulle igiyoyin ya rataya a wuya. Motar da ke kwashe waɗanda suka gaza ta tsaya masa, ya ce su wuce.

A wurin ƙarewa muka jira har aka raba kyaututtuka, aka kira sunayen waɗanda za a ɗauka sansani, aka fara naɗe rumfuna. Alhaji ya koma mota ya kunna rediyo. Rana ta take sosai sannan na hango shi, yana tafe a kan gefen ƙafafunsa, takalmi na lilo a ƙirji, ƙuda na binsa. Ya zo ya taka layin da aka ja a ƙasa, ba kowa a wurin sai masu kwashe kujeru. Wata mata a cikinsu ta miƙa masa ruwa.

Na daɗe ina wanke ciwo, na ga ƙafar da fartanya ta sara, na ga wadda ta ruɓe da ciwon suga, amma ranar sai da na koma gefe na yi amai. Safar da ta rage a ƙafa ɗaya sai da na jiƙa ta da ruwan gishiri na yanka da almakashi. Farata uku suka biyo ta. Tsakuwa ta shige cikin naman, ina tsincewa ɗaya-ɗaya. Shi kuwa yana ta kallon inda rumfunan suke a da. Alhaji ya leƙo ta taga, abin da ya fara tambaya shi ne ko jinin zai fita daga takalmin. Kafin mu shiga mota ya sa aka ɗaura wa Mika'ilu leda a ƙafa biyu saboda shimfiɗar motarsa. A hanyarmu ta komawa gida Alhaji ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

'Yan dakali suka samu abin yi na wata guda. Wani ya ce dama sun faɗa. Wani ya ce an ba kare takalmi. Inna Barira ta yi kuka da ta ga ƙafar, kuka na gaske, sannan ta ce baki ne, mutane sun sa wa ɗanta ido tun ranar hoton. Ta zauna da toka da sabulu ta wanke takalmin har sau nawa, ta shanya a kan danga. Ba wanda ya ce a gidan nan an yi kuskure, ko da wasa.

Na yi zaton Uwaisu zai sassauta. Na same shi na ce ya ga dai ba gudu ne ya gagari ƙaninsa ba, a sahun gaba yake, a bar shi ya sake gwadawa baɗi. Ya ce magana an yi ta a gaban Inna, kuma rumbu ba ya jin labarin sahun gaba. Na koma ga Mika'ilu na ce ya buɗe baki ya yi magana ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ce, "Iliyasu, na riga na ce na yarda." Ƙafa na warkewa ya ɗaure kayansa a buhu. Ranar da zai tafi na gan shi ya nufo bakin hanya yana tafiya a hankali, kamar kowa. Ban taɓa ganinsa yana tafiya haka ba tun muna yara. Yanzu yana Fatakwal yana tura baro a kasuwa. Yakan kira ni jefi-jefi, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa. Maganar gudu ba ya yi, ni ma ba na yi masa.

Hanyar da ya share a kududdufi shara ta rufe ta tun kafin damina. Alhaji Dabo bai samu kansilan ba, amma hoton nan na wurin tashi yana nan manne a shagon takinsa.

Kwanakin baya da hantsi ina zaune a kemis sai ga Uwaisu ya zo sayen maganin ciwon baya. Daga gona yake, ta gefen kududdufin ya biyo. Ina miƙa masa magani idona ya sauka ƙasa. Farin takalmin nan na Mika'ilu ne a ƙafarsa. Ya yi ruwan ƙasa, kashin shanu ya bushe a gefensa, ya take bayan ya mayar da shi kamar silifa don sauƙin cirewa a masallaci. Ya ga ina kallo, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya yana juya ta.

"Kaya ne mai kyau," in ji shi. "Da farko ni ma ya cije ni. Sai da na yi ta sa shi kullum sannan ya saki. Ka san sabon takalmi, sai an saba da shi."

Na ba shi maganinsa ya tafi. Na jawo ƙofar kemis na rufe, ranar ban sake buɗewa ba.